Alƙawarin jari a asusu mai zaman kansa: me lauya zai duba kafin a sa hannu?

Sakataren Iyali:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar lauyoyi da masana harkar kuɗi da ke cikin wannan zaure. Ni ne ke riƙe da takardun kamfanin iyalinmu tun bayan rasuwar mahaifinmu, kuma a makon jiya aka kawo mana tayin shiga wani asusun zuba jari mai zaman kansa, irin wanda ke tara kuɗin mutane ƙalilan ya sayi kamfanonin da ba a cinikin hannun jarinsu a kasuwa, ya raya su, sannan ya sayar bayan wasu shekaru. Takardu uku aka turo mana: littafin bayanin asusun mai ɗauke da hotuna da jadawalin ribar da suka ce sun samu a baya, da yarjejeniyar haɗin gwiwa mai shafi 170, da takardar neman shiga wadda za mu sa wa hannu. Ana so mu yi alƙawarin dala miliyan 1, amma an ce ba a lokaci ɗaya za a karɓa ba. Yayana ya karanta littafin bayanin ya gamsu, har yana cewa mu sa hannu kafin a rufe ƙofa. Ni kuwa na kama yarjejeniyar, ina kaiwa shafi na 60 kaina ya ɗaure. Me ya sa aka yi wa asusun rajista a tsibiran Cayman alhali babu ko ɗaya daga cikin masu gudanar da shi da ke zaune can, kuma me zai same mu idan suka nemi kuɗi a lokacin da ba mu da shi a hannu?

Barista Mai Kwangila:

Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, kai ne ka kama takardar da ta dace. Littafin bayanin nan talla ne, ko da yake lauyoyi ne suka tace shi, kuma idan ka duba shafukansa na farko za ka ga jimlar da ke cewa in abin da ke cikinsa ya saɓa da yarjejeniyar haɗin gwiwa, to yarjejeniyar ce za a bi. Ka nuna wa yayanka wannan jimlar kafin ku ci gaba da magana.

Tsarin da aka saba da shi shi ne haɗin gwiwa mai ɓangare biyu. Akwai babban abokin tarayya, wanda shi ke yanke shawarar abin da za a saya da lokacin da za a sayar, kuma a doka shi ke ɗauke da nauyin bashin asusun ba tare da iyaka ba. Akwai kuma ku masu zuba jari, waɗanda asararku ba ta wuce abin da kuka yi alƙawari, muddin ba ku tsoma hannu cikin gudanarwa ba. Wannan sharaɗin tsoho ne, yana cikin dokar Ingila ta 1907, kuma sai a 2017 Birtaniya ta fito da jerin ayyukan da mai zuba jari a irin wannan asusu zai iya yi ba tare da ya rasa kariyarsa ba, kamar zama a kwamitin ba da shawara ko jefa ƙuri'a kan sauya yarjejeniya. Sai dai kada maganar nauyi marar iyaka ta kwantar maka da hankali, domin babban abokin tarayyar nan yawanci ƙaramin kamfani ne da aka ƙirƙira don wannan aikin kaɗai, kuma ba a ajiye dukiyar a zo a gani a cikinsa.

Maganar Cayman kuwa, ita kaɗai ba alamar rashin gaskiya ba ce. Asusu yana tara mutane daga ƙasashe daban-daban, don haka ake neman wurin da ba zai ɗora wa asusun kansa haraji ba, a bar kowane mai zuba jari ya biya harajinsa a ƙasarsa. Dalilin da ya sa ake zaɓar Cayman, ko jihar Delaware ta Amurka, ko Luxembourg ke nan. Tun 2020 dokar Cayman ta wajabta wa irin waɗannan asusai yin rajista da hukumar kula da harkar kuɗi ta ƙasar tare da gabatar da bayanan kuɗi da aka bincika kowace shekara. Ka nemi shaidar rajistar, amma ka sani cewa rajista ba ta nufin hukuma ta tabbatar da jarin mai kyau ne.

Tsohon Akanta:

Barista ta bar tambaya ta biyu, kuma a ganina ita ce ta fi haɗari ga iyali. Alƙawarin da za ku yi bashi ne a wuyanku daga ranar da kuka sa hannu. A cikin shekaru biyar na farko, lokacin da asusun ke saye, manaja, wato wanda ke gudanar da asusun a madadin babban abokin tarayya, yana iya aiko da takardar kiran kuɗi a duk lokacin da ya ga dama, kuma galibi kwana goma na aiki ake bayarwa. Yau zai iya neman dala 50,000, bayan wata uku ya nemi 200,000, ya yi shekara bai nemi komai ba, sannan kira biyu su zo a wata ɗaya. Na taɓa riƙe littattafan wani kamfani da ya zuba kuɗin da ya ware wa irin wannan alƙawari a cikin gini, yana zaton kira ba zai zo da wuri ba. Ranar da takardar ta iso, sai da muka kwana uku muna neman wanda zai ba da rance, kuma da tsada muka same shi.

Ka nemi sashen da ke magana kan wanda ya kasa biya, ka karanta shi sau biyu. Sannan ka nemi wani sashen da mutane ke tsallakewa, wanda ya ba manaja damar ya nemi ku dawo da kuɗin da aka riga aka raba muku idan asusun ya faɗa ƙara ko wani bashi ya taso. Yarjejeniya mai adalci takan sa wa wannan iyaka a adadi da kuma a shekaru. In babu iyaka, to ribar da kuka karɓa kuka raba wa magada ba ta gama zama taku ba.

Sakataren Iyali:

Na gode ƙwarai. Na sami sashen a shafi na 88, kuma abin da na gani ya sa na tashi na sake zama. An rubuta cewa wanda ya kasa biya za a ɗora masa kuɗin jinkiri, a hana shi ƙuri'a, kuma manaja na da ikon ƙwace rabin kasonsa ya raba wa sauran. Ina kuma da wata tambaya, Barista. Yayana ya dage cewa an tabbatar mana da ribar kashi 8 cikin 100 a shekara, domin ya ga wannan adadin a littafin bayani. Haka ne?

Barista Mai Kwangila:

Ba haka ba ne, kuma gara a warware wannan a gida kafin ya zama rigimar 'yan'uwa. Kashi 8 ɗin nan shinge ne da aka sa wa manaja, ba alƙawari ba ne da aka yi muku. Ma'anarsa ita ce, idan kuɗi suka dawo, za a fara mayar muku da uwar kuɗinku, sannan a ba ku abin da ya kai kashi 8 a shekara, sai bayan nan manaja ya fara ɗibar kasonsa na riba, wanda aka saba ya zama kashi 20. Idan kamfanonin da aka saya ba su yi albarka ba, babu wanda zai ciro kashi 8 daga aljihunsa ya ba ku. Shi kuwa kuɗin gudanarwa, wanda yakan kai kashi 2 a shekara, ana cirar sa ko an ci riba ko an faɗi, kuma a shekarun farko a kan alƙawarin gaba ɗaya ake lissafa shi, ba a kan abin da aka karɓa ba. A kan miliyan 1 ɗinku, dala 20,000 ke nan duk shekara, ko da kwata kaɗai aka kira.

Abin da na fi so ka bincika shi ne yadda ake lissafa kason manajan. Hanya biyu ce. A wadda ake dangantawa da Turai, manaja ba ya taɓa riba sai an mayar wa masu jari dukkan abin da suka zuba a asusun. A wadda ake dangantawa da Amurka, yana ɗibar kasonsa a kan kowane ciniki da aka kammala. Ga misali mai sauƙi, in muka ajiye shingen kashi 8 a gefe. A ce asusu ya sayi kamfani biyu, kowanne a kan miliyan 10. A shekara ta uku aka sayar da na farko miliyan 30, riba miliyan 20, manaja ya ɗauki miliyan 4. A shekara ta bakwai na biyun ya durƙushe gaba ɗaya. In aka haɗa lissafi, miliyan 20 aka zuba, 30 ta dawo, ribar gaskiya miliyan 10 ce, haƙƙin manaja miliyan 2. Ke nan ya ci miliyan 2 da ba tasa ba, kuma shekara huɗu ke nan da ya raba ta ga mutanensa. Za a ce maka akwai sashen da ya tilasta masa ya dawo da rarar. Sai ka tambaya: wa ya tsaya masa? Shin mutanen da suka karɓi kuɗin sun ba da lamuni da sunansu, ko an riƙe wani kaso a asusun ajiya na daban, ko kuwa wannan ƙaramin kamfanin da ba shi da komai ne kaɗai ya yi alƙawari?

Ma'aikaciyar Asusu:

Ranki ya daɗe, Barista, duk abin da kika faɗa gaskiya ne, amma na yi shekaru ina aiki a ɓangaren manaja, kuma ina tsoron kada Malam Sakatare ya tafi da zaton cewa zai zauna a teburi ya sauya waɗannan sharuɗɗa. Asusun da ke neman dala miliyan 200 ba zai taɓa tsarin rabon ribarsa saboda mai miliyan 1 ba. Manyan masu jari, wato asusan fansho da bankunan raya ƙasa, su ne ke yin cinikin nan kafin rufewar farko, wato kafin a kammala karɓar rukunin farko na masu jari, kowa kuma ya samu wasiƙarsa ta gefe, wato yarjejeniya ta daban tsakaninsa da manaja, mai ɗauke da rangwame. Ko sharaɗin da ke cewa duk alfarmar da aka yi wa wani kai ma za a yi maka, yawanci an ɗaure shi da girman jari, wato ba za ka zaɓi abin da aka ba wanda ya fi ka kuɗi ba.

Haka nan ban yarda a ɗauki sashen ƙwace rabin kaso a matsayin zalunci ba. Idan asusu ya sa hannu zai sayi kamfani ranar Alhamis, mutum ɗaya ya ƙi biya, sauran ne za a kira su cike giɓin, ko a rasa cinikin a biya diyya. Tsananin sashen kariya ce ga wanda ke cika alƙawari, kuma iyalin Malam Sakatare za su amfana da shi idan wani ne ya gaza.

Barista Mai Kwangila:

Hajiya, na karɓi gyaran a kan sashen gaza biya, kuma ban ce a cire shi ba. Inda muka bambanta shi ne amfanin karatun. Ƙaramin mai jari ba ya biyan lauya don ya sauya yarjejeniya, yana biyansa ne don ya san ko zai shiga ko zai haƙura, kuma wannan ikon babu manajan da zai ƙwace masa shi kafin ya sa hannu. Akwai ma'auni da kowa zai iya amfani da shi, wato ƙa'idojin ƙungiyar manyan masu jari ta ILPA, waɗanda aka fara fitarwa a 2009 aka sabunta a 2019. Ba doka ba ce, amma in ka jera yarjejeniyar kusa da su, za ka ga duk inda manaja ya karkata ga kansa.

Sannan ina so a dubi sashen kuɗaɗen da ake kashewa da idon basira, domin nan ne ɓaraka ta fi yawa ko a manyan gidaje. A 2015 hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta sa KKR, babban kamfanin gudanar da irin waɗannan asusai, ya biya kusan dala miliyan 30 saboda ya ɗora wa asusansa kuɗin da aka kashe a kan cinikayyar da ba ta yiwu ba, bai raba nauyin da sauran masu shiga cinikin ba. A 2015 ɗin dai takwaransa Blackstone ya biya kimanin miliyan 39, galibi saboda kuɗin sa ido da ya karɓa a dunƙule daga kamfanonin asusun ba tare da ya yi cikakken bayani tun farko ba. A watan Agustan 2023 SEC ta kafa sababbin ƙa'idoji da za su tilasta bayyana kuɗaɗen da aka kashe duk wata uku da kuma alfarmar da ake yi wa wasu masu jari, amma a Yunin 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke su. Ke nan ko a Amurka, mafi yawan abin da zai kare mai jari a wannan fanni sai wanda aka rubuta a yarjejeniya.

Malamin Fiƙihu:

Allah ya saka muku da alheri. Ni ba lauya ba ne, amma bayanin Barista ya tuna mini da babin ƙiradi, wanda masana tattalin arzikin Musulunci ke kira mudaraba: ɗaya ya kawo dukiya, ɗaya ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka amince, asara kuma ta hau kan mai dukiya sai in mai aikin ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Malamai sun ce ba a lissafa riba sai uwar kuɗi ta tsira, kuma wannan ya fi kusa da hanyar farko da Barista ta bayyana. Da a ce kashi 8 ɗin nan lamuni ne kamar yadda yayan Malam Sakatare ya zata, da shi ne ma zai ɓata cinikin a shari'ance. Abin da zan so a tambaya shi ne irin kamfanonin da za a saya da kuma yawan bashi mai kuɗin ruwa da za a ɗora musu. Shin akwai hanyar da mai jari zai tsame kansa daga cinikin da addininsa ya hana?

Barista Mai Kwangila:

Akwai, Allah ya gafarta Malam, kuma yana daga cikin 'yan abubuwan da ƙaramin mai jari kan samu ba tare da wahala ba, tunda ba ya rage wa manaja ko sisi. Ana rubuta wasiƙar gefe da ke cewa ba za a kira kuɗinsa don sayen kamfanin giya ko caca ko makamancinsu ba. Amma dole a rubuta jerin a sarari kafin shiga, domin bayan kira ya zo kwanaki kaɗan ake bayarwa a kawo uzuri. Maganar bashin da ake ɗora wa kamfanoni kuwa wannan wasiƙar ba ta magance ta, sai dai a nemi asusun da aka gina tun asali bisa ƙa'idojin shari'a mai kwamitin malamai, irin masu bin ma'aunin hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci.

Tsohon Akanta:

Tunda Malam ya taɓo bashi, bari in ƙara wani da ke kan asusun kansa. Manajoji da yawa suna karɓar rancen banki su yi saye, suna jingina alƙawarin masu jari, sai daga baya su kira kuɗin. Yana da amfani wajen sauri, amma yana ƙawata jadawalin riba. In ka zuba 100 ta dawo 150 bayan shekara uku, ribar shekara-shekara ta kai kusan kashi 14 da rabi. In banki ya riƙe shekarar farko aka kira kuɗinka na shekara biyu kaɗai, lissafin zai nuna sama da kashi 22 kafin a cire kuɗin ruwan bankin, alhali kamfanin ɗaya ne, ribar ma ɗaya ce. Don haka a nemi jadawalin da ke cikin littafin nan a fuska biyu, da rance da kuma babu rance, a kuma tambayi ninki nawa kuɗin ya dawo a hannu.

Tambayata ta ƙarshe ita ce wa ke riƙe da kuɗin. Kamfanin Abraaj na Dubai, mai gudanar da irin waɗannan asusai, ya kai yana juya kusan dala biliyan 14. Daga ƙarshen 2017 zuwa farkon 2018 masu jari a asusunsa na kiwon lafiya mai dala biliyan 1, ciki har da gidauniyar Bill da Melinda Gates da hukumar IFC ta Bankin Duniya, suka tambayi dalilin da ya sa kuɗin da aka kira don gina asibitoci ba su isa wurin aikin ba. Bincike ya nuna an karkatar da kuɗin masu jari wajen toshe giɓin kamfanin, ya rushe a 2018, kuma a 2019 hukumar kula da harkar kuɗi ta Dubai ta ci tarar rassansa biyu kimanin dala miliyan 315. A tambaya ko akwai kamfani mai zaman kansa da ke riƙe littattafan asusun, a tambayi sunan mai binciken kuɗi, sannan a tuntuɓe su kai tsaye, ba ta lambar da manaja ya bayar ba.

Ɗalibin Lauya:

Barista, in an ba ni dama, ni ta ɗaya ɓangaren nake tambaya. Idan wanda ya zo ofis shi ne mai son kafa asusun, daga ina ake farawa?

Barista Mai Kwangila:

Daga tambayar su wa za a tallata wa, kuma a wace ƙasa suke, domin dokar ƙasar mai jari tana bin asusun ko ina aka yi masa rajista. A Amurka, asusu yana kauce wa dokar kamfanonin zuba jari ta 1940 ne idan masu shi ba su wuce 100 ba, ko kuma idan dukansu manyan masu jari ne, wanda ga mutum ɗaya yana nufin jarin dala miliyan 5 zuwa sama. A Tarayyar Turai kuwa dokar manajojin irin waɗannan asusai ta fara aiki a 2013, ita ke tsara wanda zai iya tallata asusu a can. Sai an amsa wannan sannan a zaɓi wurin rajista, a raba kamfanin babban abokin tarayya da kamfanin gudanarwa, a ƙayyade abin da manaja zai zuba daga aljihunsa. Lauyan da ya fara da rubuta yarjejeniya kafin wannan zai sake rubuta ta.

Ma'aikaciyar Asusu:

Malam Sakatare, ga abu biyu daga ɓangarenmu da ba a faɗa ba. Wa'adin asusu yawanci shekara goma ne, tare da damar ƙara shekara ɗaya sau biyu, kuma ba za ku iya sayar da kasonku ba sai manaja ya amince, sau da yawa a ƙasa da ƙimarsa. Sannan ku duba sunayen da aka ɗaure yarjejeniyar da su. In mutumin da ya zo ya burge yayanka ya bar aiki, shin saye yana tsayawa da kansa har masu jari su yi ƙuri'a, ko sai an tara rinjaye kafin a tsayar?

Sakataren Iyali:

Na duba, Hajiya. Sunaye uku ne, kuma sai biyu sun tafi kafin saye ya tsaya. Tsarin rabon ribar kuma na ciniki-ciniki ne, ban ga maganar lamuni ko ajiyar gefe ba. Na rubuta tambayoyi tara na aika musu, kuma yayana ya yarda ba za mu sa hannu ba sai lauyan da ya san dokar Cayman ya karanta. Saura abu ɗaya, Barista: takardar neman shiga tana neman sunayen duk masu kamfaninmu, mu kuwa magada goma sha ɗaya ne, biyu ba su balaga ba.

Barista Mai Kwangila:

Wannan buƙatar ta dokokin hana halatta kuɗin haram ce da na musayar bayanan haraji tsakanin ƙasashe, ba za ku kauce mata ba, kuma bayanan kamfaninku za su iya isa ga hukumar harajin ƙasarku ta wannan hanya. Amma kafin takardun shaida, ka kai wa lauyanku na gida kundin tsarin kamfanin ya duba ko daraktoci na da ikon ɗaure shi da alƙawarin shekara goma, kuma wa ke da hurumin amincewa a madadin yaran nan biyu. A takardar neman shiga za ku rubuta cewa kuna da cikakken iko, kuma in ta bayyana ba ku da shi, ku da kuka sa hannu za a nema. In amsar tambayoyin tara ta iso, ka fara turo wadda ta shafi lamunin dawo da rarar riba.